Tuban Bakugo da na Endeavor a My Hero Academia: wanne ya ginu, wanne aka yi wa ɗinkin gaggawa?

Ɗan Mokoyo ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Gargaɗi tukuna: wanda bai kai ƙarshen My Hero Academia ba, labarin zane na Japan kan makarantar koyon zama gwarzo, ya tsaya nan, don za a tona komai.

Tambayata a kan mutum biyu ce da labarin ya fara nuna mana su a matsayin azzalumai, daga baya ya juya su. Bakugo tun a babi na 1 ya babbaka wa Midoriya, jarumin labarin da aka haifa ba baiwa, littafinsa, ya kuma ce masa in baiwa yake so ya faɗo daga saman ginin lakwal, wataƙila ya samu a wata rayuwar. Endeavor kuwa ya auri Rei don neman iri kawai, ya sa ɗansa Shoto cikin horo mai tsanani tun yana shekara 5, har gidan ya watse. A fadojin shayi nan Maradi yawanci an yafe wa Bakugo tuntuni, Endeavor ne ake ta ja a kansa. To ba wanda kuka fi so nake tambaya ba. Ta fuskar ginin labari, tuban wa aka yi wa harsashi mai kyau? In da hali a kawo lambar babi na manga (littafin zanen) ko ta kashi na anime (fim ɗin zanen), don a je a duba. Abin da nake kira baiwa, wato ƙarfi na musamman da ake haifar mutum da shi, shi ne Alter ga masu kallon fassarar Faransanci, Quirk ga masu ta Turanci.

Na Bagalam ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, in kana son gane Bakugo ka bar bakinsa, ka bi hannu. Kohei Horikoshi ya yi shekara 10 yana zana labarin nan, daga 2014 zuwa 2024, babi 430, kuma hoto guda yake ta maimaitawa: wani ya miƙa hannu, wani ya kama ko ya ƙi.

Bakugo yana shekara 4 baiwarsa ta fito, gumin tafin hannunsa yana fashewa kamar nakiya. Manya da yara suka hau yi masa kirari. Ka ɗauke shi kamar ɗan kokowar da makaɗa suka wasa tun bayansa bai san ƙasa ba. Ranar da ya zame daga kan gungume ya faɗa rafi, sauran yara na sama suna cewa ai Kacchan ne (laƙabin Bakugo), ba abin da zai same shi. Midoriya kaɗai, wanda ba shi da baiwa ko ta ƙwayar gero, ya sauka ya miƙa masa hannu yana tambaya ko ya ji ciwo. Wannan hannun ne ya tsaya masa a maƙoshi fiye da shekara 10. Ba raini ne tushen cin zalin ba, tsoro ne: yaron da ya ajiye a ƙasa yana da wani abu da shi ba shi da shi.

Marubucin ma ya rubuta matsalar da lamba. A jarrabawar shiga makarantar gwaraza ta U.A., wato Yuei ga ƴan Faransanci, Bakugo ya ci maki 77 na fasa mutum-mutumi, na ceto kuwa 0, ya zo na 1. Midoriya ya ci 0 na faɗa, 60 na ceto, ya zo na 7. Kowa rabin gwarzo ne.

Abin da ya sa na ce ginin ya yi kyau shi ne kowane kaye da ya sha shi ya haifi na gaba, ba jefo su aka yi daga sama ba. Midoriya ya fara kayar da shi a atisayen farko na aji. A gasar wasannin makaranta Bakugo ya zo na 1, amma Shoto Todoroki, ɗan Endeavor, ya kashe wutarsa a zagayen ƙarshe, nasarar ta zama holoƙo, ya yi ta hauka har aka ɗaure shi da sarƙa a kan dandamalin karɓar lambar yabo. Wannan hoton na sarƙa miyagu suka gani a tele, suka ce wannan namu ne, suka sace shi a sansanin daji. Satar ce ta ja All Might, gwarzo na 1 a ƙasar, zuwa Kamino, inda ya ƙarar da ragowar ƙarfinsa a kan All For One, uban miyagun, a kashi na 49. Ka lura da yadda aka ceto shi a can: Midoriya ne ya tsara dabarar, amma ya san Bakugo ba zai kama hannunsa ba, shi ya sa Kirishima, abokin Bakugo, ne ya miƙa. Bayan haka Bakugo ya faɗi jarrabawar lasisin wucin gadi na aikin gwarzo, ba don ƙarfi ya gaza ba, sai don yadda yake daka wa mutanen da aka ce ya ceta tsawa, alhali Midoriya ya ci.

Duk wannan ya taru ya fashe a kashi na 61, babi na 117 zuwa 120, faɗansu na biyu da dare. A nan ne ya furta abin da ke cinsa, cewa shi ne silar ƙarewar All Might. Ya ci faɗan, amma ba wanda ya ji kamar an ci. All Might ya zo ya haɗa musu lissafin can na jarrabawa: ɗaya ya koyi ceto don ya ci nasara, ɗaya ya koyi cin nasara don ya yi ceto. Malaminsu Aizawa kuma ya yanka musu horon zaman ɗaki, Bakugo kwana 4 don shi ya fara kai hannu, Midoriya kwana 3.

Daga nan sauyin a aikace ake nuna shi kafin ya zo baki. A darasin gyaran lasisi ya gaya wa wani yaro mai girman kai cewa mai raina mutane ba ya ganin rauninsa. A karawar aji A da aji B ya tare wa Jiro, ƴar ajinsu, hari, ƙungiyarsa ta ci 4 da 0. A babi na 284 ya amsa wa All Might cewa rashin fuskantar rauninsa ne ya sa ya zalunci Midoriya. A na 285, kashi na 122, ya ture Midoriya ya karɓi sukan Shigaraki, jagoran miyagu, a jikinsa, ƙafafunsa suka tafi kafin ya yi tunani, daidai yadda Midoriya ya yi masa a babi na 1 gaban dodon taɓo. Sai a babi na 322, kashi na 136, ya sunkuyar da kai cikin ruwan sama gaban ajin duka ya nemi gafara, ya kira Midoriya da sunansa Izuku maimakon Deku, sunan rainin da ya laƙaba masa. Babi 321 tsakanin laifi da ban haƙuri, kuma ba tsani ɗaya da aka tsallake. Ni dai ban ga ɗinkin gaggawa a nan ba.

Ƴar Tibiri ta amsa:

Yaya Na Bagalam, duk abin da ka lissafa haka yake, sai dai ka duba, daga farko har ƙarshe cikin kan Bakugo ka zauna. Ina wanda anka zalunta?

Mu da munka taso da sharuɗɗan tuba mun san guda huɗu ne in laifin ya shafi mutum: nadama, barin laifin, ƙudurin ƙin komawa, sannan a mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa ko a nemi yafiyarsa. Na huɗun nan ba a hannun mai laifi yake ba. A labari ma haka ne, sai an ba wanda anka cuta baki, ya yarda ko ya ƙi, sannan mai karatu ya ji nauyin abin. Midoriya shi ke ba mu labarin da bakinsa, amma ba a taɓa zaunar da shi ya faɗi mi shekarun nan sunka yi mishi ba. Maganar faɗowa daga saman gini ba malami ɗaya da ya ji ta, ba ta sake tasowa tsakaninsu ba, a ban haƙurin ma dunƙule komai anka yi. Ku koma kashi na 136 ku ga amsar da ya bayar: shi ma haƙuri ya ba ajin kan cewar da ya yi ba za su iya bin sawunsa ba, ya yanke jiki, Bakugo ya tare shi. Shi ke nan. An rufe shafin ba tare da an buɗe ba.

Yanzu ga gidan Todoroki, wato gidan Endeavor. Laifin Endeavor ya fi girma nesa ba kusa ba, kuma don haka ne mutanen fada sunka kasa haɗiye shi, amma rubutunsa ya fi ƙarfi. Dalili shi ne mutum biyar ya cuta, matarsa da ƴaƴansa huɗu, kuma kowanensu an ba shi amsa tasa daban. Fuyumi na son gida ya haɗu ko ta halin ƙaƙa, irin babbar ƴar da ke ɗauke kwanon kowa don kada a yi faɗa. Natsuo ya ƙi, ƙiyayya a fili. Shoto ya ce zai zuba ido ya ga irin uban da zai zama. Rei, wadda ta zuba wa Shoto tafasasshen ruwa a gefen fuska na hagu lokacin da hankalinta ya gushe, ta yi kusan shekara 10 a asibiti, likita ma bai yarda su haɗu ba. Toya kuwa, babban ɗan da anka zata ya mutu, ya dawo da wuta.

Ku duba tsarin. Endeavor ya hau kujerar gwarzo na 1 ba don ya kayar da All Might ba, sai don All Might ya yi ritaya, wato abin da ya rusa gidansa dominsa ya zo mishi a banza. A Fukuoka, kashi na 88, ya yi faɗan da ya sa jama'a sunka karɓe shi, ya fito da tabo a gefen hagu, gefe ɗaya da na ɗansa. Da wani marubuci ne nan zai sa iyali su rungume shi. Horikoshi sai ya kai mu teburin abinci, Shoto na zuƙar taliyarsa yana yi wa tabon shaguɓe, Natsuo ya tashi ya fita. Jarumtar waje ba ta biya bashin cikin gida ba.

Babi na 252, kashi na 106, shi ne ƙashin bayan abin. Wani mugu ya kama Natsuo, Endeavor ya daskare ya kasa motsi, Shoto da Bakugo da Midoriya ne sunka yi ceton. Bayan nan ya ce wa Natsuo ba yafiya yake nema ba, kaffara yake son yi, kuma zai gina musu sabon gida su zauna da uwarsu, shi ya zauna tsohon shi kaɗai. Mutum ya gane cewa alherin da ya rage mishi shi ne ya janye jikinsa. Kuma ko wannan bai tsirar da shi ba, don a babi na 290, kashi na 124, mugun nan Dabi ya wanke baƙin rinin kansa ya ce shi ne Toya, a lokaci guda bidiyonsa na yawo ƙasar duka yana tona asirin gidan, yana amsa kisan mutum fiye da 30. Wato daidai lokacin da mai karatu ya fara sassautowa anka dawo mishi da laifin sabo fil.

Ƙarshen ma bai yi mishi rangwame ba. A babi na 426 yana kan keken guragu, hannun dama babu, ya ajiye aiki. Toya na cikin na'ura yana mutuwa sannu a hankali, ƴan mintoci kawai yake iya magana a rana, uban ya ce kullum zai zo. Natsuo ya ce zai yi aure ba tare da ya gabatar mishi da matar ba, kuma wannan ne ganinsu na ƙarshe. A al'adarmu yanke zumunci da uba abu ne mai nauyi, na san nan ne wasu ke ɗaure fuska, amma labarin bai zagi Natsuo ba, bai kuma tilasta mishi ba.

Ba na ce babu aibi ba. Babi na 301 da 302, kashi na 130, sun bayyana cewa Toya ya gaji wuta wadda ta fi ta ubansa zafi amma jikinsa na uwarsa ne, mai jure sanyi, don haka duk sanda ya kunna ƙona kansa yake, har ya babbake a dutsen Sekoto yana shekara 13. Wanga bayani ya yi kyau. Inda anka ɓata shi ne da anka sa iyalin na raba laifin tsakaninsu, har da waɗanda ke yara ƙanana a lokacin. Kuma hukuma ba ta taɓa tuhumarsa ba ko da takarda ɗaya.

Ɗan Mokoyo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Yaya da Yaya. To babi na 362 fa, inda zuciyar Bakugo ta fashe? Wasu na cewa wannan ya isa kaffara. Ya ƙara wa tuban nauyi ne ko ya rage?

Baban Fada ya amsa:

Ya rage, ɗana, kuma ga yadda abin ya lalace.

Mutuwa a labari kuɗi ce, in ka kashe ta sau ɗaya ka karɓo canji, gaba ba wanda zai yarda da kai. An nuna Shigaraki ya huda masa ƙirji, ido ya kafe, ruwan sama na zuba, gwarzo Best Jeanist na tsaye a kansa. Babi biyu kacal bayan nan sai wani gwarzo, Edgeshot, ya ce zai mayar da jikinsa zare ya ɗinke zuciyar daga ciki, a bakin ransa. To da Edgeshot ya mutu, da an biya wani abu. Bai mutu ba, ya tsira a ƙanƙance. Sadaukarwa biyu aka yi, duka biyun aka mayar. Ga kuma lokaci: Bakugo ya kwanta kusan babi 40, daga Agusta 2022 har wajen Oktoba 2023 ga masu bin mujallar Shonen Jump mako-mako. Fiye da shekara ɗaya kowa ya san zai tashi, ana jira kawai. Wanda ya kalli anime a jere ba zai ji wannan gajiyar ba, shi ya sa ra'ayin masu manga da na masu kallo ya bambanta a nan.

Ba a kansa kaɗai aka yi ba. Ka raba asarorin labarin gida biyu. Waɗanda suka tabbata: Sir Nighteye, Twice da Hawks ya kashe, Midnight, ƙafar Aizawa da idonsa, hannu da ƙafar Mirko. Waɗanda aka mayar: baiwar Mirio, zuciyar Bakugo, da hannayen Midoriya da suka ɓace a babi na 419 aka dawo da su nan take da ƙahon Eri, yarinyar da baiwarta ke mayar da jiki yadda yake a da. Ka ga tsarin? Manya da miyagu su ke biya, ɗaliban da ake so ana yi musu rangwame. Endeavor yana gidan farko, shi ya sa tasa ta zauna.

Me ya sa aka yi haka? Mujallar na yin ƙuri'ar farin jini, kuma in ban da ta farko da Midoriya ya ci, Bakugo ne ke zuwa na 1. Wanda ke sayar maka da littafi ba ka binne shi. Akwai kuma cunkoso. Ɗalibai 20 ne a aji A, ga aji B, ga malamai, ga manyan gwaraza, ga miyagu, duk a babi mai shafi goma sha wani abu. Tun da aka ƙara wa Midoriya baiwa 6 na magabatansa a kan One For All, baiwar da ya gada daga All Might, daga baƙar bulala a zango na 5 zuwa sauran, shafukansa suka koma bayanin yadda kowace ke aiki da kashi nawa cikin ɗari jikinsa ke ɗauka, 5 ne, 8 ne, 20 ne, 45 ne. Wurin da ya kamata a ji zuciyarsa lissafi ya cinye. Wannan ne amsar tambayar Ƴar Tibiri ta ina bakin wanda aka zalunta.

Wani abu kuma da ake mantawa: a cikin labarin, daga shigarsu makaranta zuwa ban haƙurin, shekara ɗaya ce da ƴan kwanaki. Yaro ɗan 16 ya sauya cikin shekara guda bayan an sace shi, gwarzonsa ya ƙare a gabansa, wannan hankali na ɗauka. Endeavor kuwa fiye da shekara 20 ya yi yana ɓarna, da a ce an wanke shi cikin shekara guda da ƙarya ce tsagwaronta. Don haka ba awo ɗaya za a yi musu ba.

In kuna neman inda aka fi yin ɗinkin gaggawa, ba ɗayansu ba ne, Shigaraki ne. An gina shi a kan cewa yana shekara 5 ya yi ta yawo a titi bayan baiwarsa ta hallaka danginsa, kowa ya kauda kai yana cewa ai wani gwarzo zai zo. Laifin na al'umma ne. Sai a wancan babi na 419 aka ce All For One ne ya kitsa komai, har baiwar ruɓarwar shi ya dasa masa. Nauyin ya tashi daga kan jama'a ya koma kan shaiɗani guda. Sun ɗan gyara a babi na 429, inda tsohuwar nan da ta wuce shi a da ta miƙa wa wani yaro hannu.

Na Bagalam ya ƙara:

Baba, na yarda da maganar zuciya, ba ni da ja. Amma ƙanwata, sharaɗinki na huɗu an taɓa shi. Bayan yaƙi Midoriya ya rasa One For All, garwashin ya mutu a hankali, Bakugo ya yi kuka a asibiti da ya ji. Bayan shekara 8 Midoriya malami ne a U.A., ba baiwa, ya koma inda ya fara. Sulken da ya mayar da shi fagen gwaraza, wanda Hatsume da Melissa suka ƙera, ajin ne suka tara kuɗinsa kuma Bakugo ne kan gaba. A babi na 430 shi ne ya miƙa hannu. Wanda ya ce marar baiwa ba zai zama gwarzo ba shi ya biya kuɗin ƙaryata kansa. In wannan ba mayar da haƙƙi ba ne, mene ne?

Ƴar Tibiri ta ƙara:

Sulken na karɓa, Yaya, hannun ma ya yi kyau a ido. Amma har yanzu Bakugo ne ke aikatawa, Midoriya na karɓa yana murmushi. Ɗan Mokoyo, ka kalli kashi na 106 da na 136 a zama ɗaya, ka riƙe biro. Duk sanda Natsuo ya faɗi wani abu kan abin da ubansa ya yi mishi ka ja layi a hagu, duk sanda Midoriya ya faɗi wani abu kan abin da Bakugo ya yi mishi ka ja a dama. Ka kawo muna takardar mu gani.